Kawu Jatau da Ƙadangaruwar Ganga

To, tunda an shafa fatiha, an raba ƙosai, Malam Bawa kuma ya ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da mamaci, ni ma bari in ce nawa. Amma a ja ƙyauren nan tukuna. Mu goma sha ɗaya ne kacal a ɗakin, sai dai kun san 'yan sintirin Bahiya, Hausawa uku in suka zauna sai a ce yaƙi suke ƙullawa.

Duk wanda ke nan ya san Kawu Jatau ba ya shiga wuri bai yi sallama ba. Wurin da ke da mutane ai kowa na yi. Shi har kango yake yi wa. Rumfar da aka watsar, kwalekwalen da ya ruɓe a bakin teku, ɗakin da shi kansa ya fita daga ciki yanzu-yanzu ya kuma san babu kowa. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Salamu alaikum, mun same ku lafiya?" Ya yi shiru, ya karkata kunne, daidai tsawon da mutum zai amsa. Sannan ya ce, "Madalla. A'a, ku yi zamanku, kar ku tashi."

Ranar da na fara ganin haka na ce, "Kawu, da wa kake?"

Ya ce, "Da masu wurin."

"Ai ba kowa."

"Ladi," ya ce, "shekarar da bayin kamun kifi suka tashi a nan Itapuwa suka ƙone taruna, mutum nawa aka kashe a rairayin nan? Wa ya yi musu wanka? Wa ya sallace su? Suna nan. Ba sa jin Yarbanci, ba sa jin yaren Turawa. In ban gaishe su ba wa zai gaishe su? Ke, da ko mai rai sai an roƙe ki?"

Ga waɗanda suka zo daga baya, ni da Kawu ba jini ya haɗa mu ba. Jirgi ɗaya ya kawo mu, shi da innata da ni, ina 'yar shekara biyar, kuma a ƙasar nan ɗan jirginka shi ne danginka, tunda na jinin ba ka san inda aka kai su ba. Bayan boren da mutanenmu suka yi a watan azumin nan, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba, da aka kwashi 'yantattu aka zuba a jirgi aka mayar hayin teku, da mijina Audu aka tafi. Ina da ciki wata bakwai. Na kasa ci gaba da zama a Salvador, don duk safiya sai na bi ta Agua de Meninos, inda aka zubar da jinin mutanenmu. Sai na ɗauki ƙunshina na taho Itapuwa wurin Kawu. A lokacin an riga an sallame shi, don ya tsufa, ƙafa ta gurgunce, kafaɗar dama kuma ta mutu tun ranar da igiyar mashi ta fizge shi a farautar baleya, kifin nan da ya fi ɗaki uku girma wanda ake dafa kitsensa a yi man fitila. Ɗinkin taru yake yi. Ɗakinsa guda ne, rufin ganyen kwakwa, teku a gaba, tudun farin rairayi a baya, bayan tudun kuma baƙin tafkin da muke wankau. A wannan ɗaki na haifi Kulu. Ga ta can a zaune, ta fara sunkuyar da kai don ta san inda zancen ya nufa.

Da ta yi nauyi a goyo, ga shi wankau aiki ne na tsayuwa cikin ruwa, sai na riƙa barin ta wurin Kawu da rana. Na ce a samo kafinta ya haɗa mata ɗan gado mai shinge, irin wanda nake gani a gidajen Turawa. Kawu ya dube ni kamar na ce a sayo mata doki.

"Kafinta! Ga katako Allah ya zubar a bayan matoya?"

Ya je matoyar, can inda ake dafa kitsen baleya, ya mirgino tsohuwar gangar mai, ya yanka ta, ya shimfiɗa tsummoki a ciki. Jama'a, wari! Na wanke da toka, na wanke da lemun tsami, na shanya kwana bakwai, a banza. Shekara goma sha uku ke nan, har yau in yarinyar nan ta yi gumi sai in ji kamar an kunna fitila. Kulu, sauke mayafin, ai gaskiya ce.

Gangar ta kai min ƙugu. Muka zauna lafiya har Kulu ta shekara ɗaya da rabi. Wata rana na dawo daga tafki na tarar da ita zaune a bakin murhu tana tsotsar ƙafar ƙaguwa, toka har gira, Kawu kuma yana waje yana ɗinki hankali kwance, wai tana ciki tana barci.

Ya shigo ya dubi ganga, ya dubi yarinya, ya ce, "Ba ita ta fita ba. Fitar da ita aka yi."

Washegari na ƙi tafiya da wuri, na laɓe ina kallo. Ta tattara tsummokin nan wuri guda ta taka, ta kama baki, ta manna yatsun ƙafa a jikin katako, ta rataya cikinta, ta zubo ƙasa da ka, tim. Ko kuka ba ta yi ba. Na ce, "Kawu, na gan ta da idona. Da kanta ta hau."

Ya ce, "To wa ya koya mata?"

Tun ranar ya sa mata Ƙadangaruwa, kuma tun ranar aka ɗaura yaƙi tsakanin tsoho mai shekara saba'in da yarinyar da ko yaye ba a yi ba. Ya kwashe tsummokin, ta hau ba tsumma. Ya shafa wa cikin gangar mai don ta yi santsi, ta hau, ta fito tana ƙyalli. Goshinta bai rabu da ƙulu ba. Ni kuwa ina tafki hannuna na wanki, zuciyata na gida, don daga ƙofarmu zuwa inda igiyar ruwa ke bugawa bai fi taku sittin ba.

Sai ya ce, "Ni da na ɗaure baleya, ƙadangaruwa za ta gagare ni?" Ya ɗauko sabon tarun da ya yi wata biyu yana saƙawa, ya rufe bakin gangar da shi, ya ɗaɗɗaure. Kwana biyu yana taƙama. A na uku Allah ya sa na manta sabulu na dawo tun rana ba ta yi tsaka ba. Kawu yana waje yana gardama da mutanensa a kan wanda ya fara jefa mashi a wata farauta ta shekara ashirin da suka wuce. Ɗakin shiru. Irin shirun da uwa ba ta so. Na leƙa, sai na ga kan Kulu a waje, jikinta a ciki. Ta cusa kai ta idon tarun, zaren ya kama wuya, tana tsaye a kan 'yan yatsun ƙafa, idanu sun firfito, leɓe ya yi toka-toka. Ban san lokacin da wuƙa ta zo hannuna ba. Da na yanke na rungume ta, sai da na jijjiga ta sau uku sannan kukan ya fito.

Abin da na faɗa wa Kawu ranar, Allah ya yafe min, ba zan maimaita a gaban Malam ba. Mutumin da ko guntun zare ya gani a hanya sai ya tsinta ya naɗe a yatsa, ya ja tarun nan gaba ɗaya, aikin wata biyu, ya kai bakin teku ya cinna masa wuta. Ya zauna yana kallo har ya cinye. Bai ci abinci ba ranar. Tausayinsa ya fara kama ni, na fito da ƙwaryar garin rogo in ba shi haƙuri, sai na same shi durƙushe yana tonon tokar da tsinke yana tsince dalmar da ke bakin tarun ɗaya bayan ɗaya.

Ya ɗago ya ce, "Me? Ai dalma ba ta yi laifi ba."

Daga nan sai ƙararrawa. Alfadarin matoya ya mutu, kafin ungulu su sauka Kawu ya riga ya kwance 'yar ƙararrawar wuyansa. Ya ce wuya kam ya tuba, a ƙafa zai sa. Ya ɗaura mata a idon sawu da irin ƙullin da suke ɗaure mashi da shi, wanda in ka ja sai ya ƙara kamawa. Wannan dabara ta yi aiki, ban ƙi gaskiya ba. Da ta fara hawa sai a ji cin-cin-cin, sai ya shigo da ɗingishi ya cafke ta a bakin ganga ya ce, "Ina zuwa, Ƙadangaruwa? Kasuwa ba ta ci ba." Sati biyu har na fara samun barci.

Wata Juma'a aka tashi da ruwa, ban je tafki ba. Da rana ta yi tsaka ruwan ya ɗauke, iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Ina tsince wake, Kawu yana gyara allurarsa, Kulu tana barci a ganga, ina ganin tafin ƙafarta ta tsagin katako daga inda nake. Sai muka ji cin. Sau ɗaya. Na dubi ganga, yarinya ba ta motsa ba. Aka sake, cin-cin. Sai a nan na gane ba daga ganga ƙarar ke fitowa ba. Daga sama take.

Na ɗaga kai. Ga ƙararrawa can rataye a ƙusar da ke jikin azarar tsakiya, tana lilo a hankali. Da safen nan da hannuna na wanke ƙafar yarinyar nan da ita a ɗaure. Na taka turmi na sauko da ita. Ƙullin yana nan yadda yake, ba a kwance ba, ba a yanke ba, zoben zaren ɗan mitsitsi daidai idon sawunta.

Kawu ya karɓa ya juya, ya sake juyawa, ya shinshina. Ya ce, "Sambo."

Na ce, "Wane Sambo?"

"Mutum biyu suka san yadda ake zare ƙullin nan ba a kwance ba. Ni da Sambo. Shi kuwa a gabana aka harbe shi, bakin rumfar gishiri." Sai ya juya ya fuskanci lungun da tulu yake, ya ɗaga murya. "Haba Sambo! Kana da rai ba a ajiye kaya kusa da kai, ka mutu ma ba ka daina ba?" Ya yi shirun nan nasa yana saurare. Can ya juyo ya ce da ni, cikin muryar mai ba da haƙuri, "Wai ƙarar ce ta hana shi ƙailula."

Ku kuna dariya. Ni ban yi ba. Na zauna na lissafa: ƙafar yarinya da maiƙo, zare zai iya zamewa, wannan na yarda. To wa ya rataye? Na zargi Kawu kansa, wallahi na zarge shi. Amma mutumin da ba ya iya ɗaga hannu ya sa hularsa sai ya sunkuyar da kai, mai ƙafa ɗaya da rabi, yaushe ya taka turmi ina zaune ban gani ba? Ranar na ɗauki Kulu na goya, ban sauke ta ba har gari ya waye. Kawu kuwa ya ƙi sake ɗaura ƙararrawar, wai ba ya son rigima da maƙwabta, amma ya shiga zagin Sambo safe da yamma, ya ce shi ke ɗaga yarinyar yana direwa don ya ja ta ruwa ta taya shi zama.

Yanzu ga ranar da har in mutu ba zan manta ba. Na gama wanki da wuri na kai kaya gidan mai matoya, can ƙarshen gari. Na dawo rana tana tsakiyar ka. Ganga wayam. Ƙyaure a buɗe. Kawu zaune jingine da bango, allura a hannu, baki a sake. Har ya koma ga Allah bai yarda barci ya yi ba, wai ido yake hutarwa.

Na saki ihu na nufi teku. Ya ce, "Tsaya! Dubi ƙasa." Ga 'yan sawunta nan a rairayi, sun zagaya bayan ɗaki sun hau tudu. Hanyar tafki. Kuma kun san hanyar fatake masu shiga cikin ƙasa ta nan ta ratsa. Ni takardar 'yancina tana rataye a wuyana, amma Kulu ba ta da wata takarda sai bakina. Baƙar yarinya ita kaɗai a hanya, duk wanda ya tsince ta ya sa a kwando ya tsinci dukiya, ba mai tambayarsa. Ina gudu ina roƙon Allah, ban ma san wanne nake roƙon ya tsare ta daga gare shi ba, ruwa ko mutane.

Kawu yana biye da ni yana jan ƙafa. A kan tudun akwai wani fili da ba inuwa ko kaɗan, rairayin wurin da rana tsaka yana toya ƙafar babba. Da muka kai nan sai sawun ya ɓace. Ba iska ta share ba, don ga sawun tsuntsu nan rangaɗau. Kawai ya tsaya, ƙafa biyu a jere, kamar ta tsaya ta ɗaga hannu. Na yi ta dube-dube kamar mahaukaciya. Sai can gaba, taku talatin ko fi, a inuwar farko, sawun ya ci gaba.

Kawu ya tsaya yana haki. A hankali ya ce, "Nan ɗaukar ta aka yi. Da zafi."

Da muka gangaro tafkin ba kowa. Matan wanki ba sa yarda inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafarsu suna wurin, Yarbawa sun ce lokacin mai ruwan ne. Ruwan ya kwanta baƙi ƙirin kamar rijiyar marina, farin rairayi ya kewaye shi, ko kukan tsuntsu babu. Sai na hango ta. Ba a mashigar da muke wanki ba, can gefen da gaɓa ta yanke tsaye, inda ko namiji ba ya taɓo ƙasa. Tana bakin gaɓar, ta miƙa hannu biyu tana son kamo wani ganye da ke yawo a ruwa. Ta karkata gaba har ta wuce inda mutum zai karkata bai faɗi ba. Ɗan zanen da na ɗaura mata kuwa, ta baya, ya miƙe ya yi tauri, kamar an kama an ja.

Na buɗe baki, sai Kawu ya damƙe hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ce a kunnena, "Kar ki yi ihu. In kika firgita shi zai saki."

Ya wuce ni yana ɗingishi, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin doki. "Sannu da aiki, Sambo. Sannu. Riƙe dai, kar ka gaji. Ga ni nan tafe, ka san ƙafar. Saura kaɗan." Ya kai, ya durƙusa, ya zagaya hannunsa mai lafiya a cikinta. Ya ce, "To, na karɓa." Yana rufe baki zanen ya saki ya faɗi a bayanta.

Na je na duba wurin, don ni ba na son abin da ba ni da amsarsa. Akwai wani ɗan guntun saiwa da ya leƙo daga rairayi. Zai yiwu shi ya maƙale zanen. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina haka. Sai dai zanen bai yage ba, ko zare bai ja ba. Abin da na samu a bayansa shi ne wuri guda a jiƙe, a cukurkuɗe, faɗin tafin hannun namiji. Na kai harshe na taɓa. Gishiri. Kun kuwa san tafkin nan ruwan daɗi ne, da shi muke dafa abinci.

Muna dawowa, Kulu a bayana tana wasa da kitsona kamar ba abin da ya faru, har muka hau tudu. Sannan Kawu ya numfasa ya ce, "Kin gani? Wata guda ina zagin bawan Allah, ashe raino yake taya ni." Muka ƙara taku kaɗan. Ya ce, "Amma ƙararrawa dai satar ta ya yi."

Da yammar ranar ya ɗauki gatari ya farfasa gangar. Na ce, "Kawu, yau kai ne da ɓarna?" Ya ce, "Itacen girki ne, da mansa a jiki." Ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya ce nan ne gadonta daga yau, wanda ke ƙasa ba ya faɗuwa. Sai ya rarrafa, tsoho da shi, ya zagaye ɗakin da gwiwa, wai yana son ya ga abin da take gani. Duk abin da ya tarar a wannan tsayin ya ce a ɗaga: wuƙa, allurai, ƙugiyoyin kifi, tulun man fitila. Murhu ya koma waje. Randa aka rufe aka danne da dutse. Sakata kuwa ya sa aka mayar da ita can sama, har ni sai na yi ɗage nake kaiwa, shi kuma da sanda yake turawa.

Duk da haka bai yarda da sakata ba. Da Kulu ta kwanta, ko da rana ko da dare, sai ya shimfiɗa buzunsa a dokin ƙofa ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan. Shekara biyu cur a nan ya kwana. In ta farka ta nufi ƙofa sai ta ci karo da shi, ta hau ruwan cikinsa ta yi ta sukuwa har ta gaji ta yi barci a nan. Matsalar ɗaya ce: ba a tsallake shi. Ya ce wanda aka tsallaka ba ya ƙara tsawo. Na ce, "Kawu, kai da ka fara komawa ƙasa?" Ya ce, "To so kike ki ƙarasa ni?" Ni da ɗakinmu, da kwandon wanki a ka, ta taga nake shiga. Malam Bawa, kai ma ka shiga ta tagar nan, kar ka yi kamar ba kai ba, har rawaninka ya maƙale.

A cikin wannan hali 'yan sintiri suka zo, su uku, lokacin da ake bi ɗaki-ɗaki ana neman rubutun Larabci. Ni kuwa akwai 'yan takardun Audu da na cusa a cikin rufi, abin da ya rage min nasa ke nan, kuma an san abin da ake yi wa wanda aka kama da su. Babbansu ya tsaya a kan Kawu ya daka masa tsawa ya tashi. Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya juya fuska cikin ɗaki ya ce da Hausa, "Ku gyara, ga baƙi." Sannan ya ce wa mutumin da guntun yarensu, "Shiga, ranka ya daɗe. Amma ka gaishe su, su tara ne. Na bayan ƙyaure ne kawai ba ya son mai irin rigarka, don mai irin ta ne ya harbe shi."

Mutumin ya leƙa. Ɗaki duhu, ba kowa sai yarinya tana barci a tabarma. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka. Sai daga can cikin rufi aka ji cin.

Wallahi ni kaina da ke tsaye a waje sai da na ja da baya. Mutumin ya mayar da ƙafarsa inda ya ɗauko ta, ya taɓa goshi da ƙirji yadda suke yi, ya ce wa 'yan'uwansa ba komai a nan. Ba su waiwayo ba har suka ɓace a cikin kwakwa. Na matso na ce, "Kawu, Sambo ne?" Ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa, sai ga siririn zare ɗaure a jiki, ya bi bango ya hau sama.

Ya ce, "Wannan karon ni ne. Sambo ba a dogara da shi, yana da yawo."

Haka ya rayu, haka kuma ya yi jinya. Likkafaninsa ma tsohon filafilan jirgi ne da ya wanke ya ajiye tun kafin a haifi Kulu. Da jikin ya yi tsanani, Malam yana wurin, ya ce mana, "Ku haƙa da zurfi, ku danna dutse. Yarinyar nan ta nuna min yadda ake fita." Muka yi dariya har da hawaye.

Amma akwai abin da ya gaya min ranar ƙarshe da la'asar, mu biyu kawai, wanda ban taɓa ji daga bakinsa ba duk zamanmu. Ya ce yana da 'ya a gida, a wani ƙauye a ƙasar Zamfara. Sunanta Asabe. Ranar da aka kama shi, uwarta ta tafi kasuwa, shi ya tafi da yarinyar gona. Ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ta yi barci, ya sa ta a cikin babban masaki a gindin kaɗanya don kar ta yi yawo, ya gangara rafi ya ɗebo ruwa. A nan mahaya suka same shi. Ya ce suna ɗaure shi yana jin ta, ta farka tana kira.

Ya ce, "Ladi, ban san ko ta fita daga masakin nan ba. In ta zauna, inuwa za ta gushe rana ta same ta. In ta fita, ga rafi. Shekara arba'in ina auna wanne ya fi, ban gama ba."

Na ce, "Kawu, wani ya zo ya ɗauke ta." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce, "To," ya rufe ido.

Ya Allah, ka san ban sani ba, amma kai ka sani. In Asabe tana raye a can, ta tsufa da jikoki a gabanta, ka kai mata labari ko a mafarki cewa ubanta ba tafiya ya yi ya bar ta ba. In kuwa ta riga shi, ka sa ita ce ta fara tarbarsa. Ka yafe masa, ka sanyaya masa ƙasar nan da ba tasa ba, ka ba shi barcin da ba sai ya tsare ƙofar kowa ba. Amin.